Munduwar Larai

Da Larai ta ji aikin jikanyarta Farida a jami'a ya tsaya saboda rashin tagulla, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta shafa man kaɗe, ta yi ta murzawa har munduwar tagulla da marigayi mijinta Yari ya saka mata ta fita. Farida na isowa Zuru hutu, Larai ta dire mata ita a tabarma.

"Ungo, ki narka. Ba na son musu."

"Kaka, ba irin wannan ba. Tamu gari ce a kwalba. Muna haɗa ta da wani ƙarfe, nikel, mu fitar da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Su ke sa iskar haidurojin ta kama mai, ya yi kauri."

"Kamar kanwa a wake?"

"Kusan haka."

"Wato tagullar kakanki ce ba ta isa ba?"

Farida ta dubi wuyan hannun tsohuwar, duk ya kumbura. Ta ɗauki munduwar ta zura a nata.

"Da ita zan koma ɗakin gwajin."

Larai ta kau da kai, ta ce tuwo na hucewa.