Awon Malam Tsoho

Halilu yana bisa benci, ƙusa a baki, yana fama da rataye tele, wato talabijin, a bangon sabon shagonsa, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Innarsa ce daga Waca. Ko gaisuwa ba ta bari sun ƙarasa ba.

"Babanka ya hau mota tun da safe, yana tafe Magarya, da kaya a bisa."

"Wane irin kaya, Inna?"

"Kantar katako ya yi maka, ta jera faya-fayan wasan nan naku. Tun da ya ji za ka buɗe sabon wuri yake aikinta a ɗaki, ƙofa rufe. Kai dai ka san halinsa. Kada ka bari ransa ya ɓaci."

Halilu ya tofar da ƙusar, ya zauna a bakin bencin. Murna ta kama shi, tsoro kuma ya biyo bayanta.

Malam Tsoho kafinta ne, kuma duk Waca da wuya ka tura ƙofar kirki wadda ba aikin hannunsa ba. Halilu ne ɗansa na fari, don haka ko sunansa ba ya faɗa, sai dai "kai" ko "yaron nan". Ba gaba suke yi ba. Suna gaisawa, ana aike da tsaraba. Amma tun da Halilu ya kama sana'ar gidan wasan PlayStation, wanda samari ke kira Pile, tsohon bai taɓa taka ƙafarsa wurin ba. Danne-danne yake kiran abin. In aka tambaye shi aikin ɗansa, sai ya ce, "Yana Magarya," ya ci gaba da zarto.

Ga shi yau da kansa yake tafe, har da kyauta. Sai dai mutum ne da ba ya yafe wa kansa kuskuren awo. Ya taɓa yi wa wani ƙofa ta gaza da faɗin yatsa. Mai ƙofar ya yi ta rantsuwa cewa ba komai, Malam Tsoho ya sa gatari ya faskare ta, Inna ta yi girki da ita. In wannan kanta ta ba shi kunya, haka zai yi da ita, kuma Halilu ya tabbata ba zai sake ganinsa a shagon ba.

Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne ba shi da abin jerawa. Wasannin yanzu cikin na'urar ake zuba su, faya-fayansa duka ba su cika hannu ɗaya ba. Nan da nan ya kira abokinsa Nassirou mai gyaran na'urori, mutumin da bai taɓa zubar da ko murfin batir ba.

"Kwalin nan naka na gidajen faifai, kawo mini shi duka. Yanzu!"

Kafin azahar motar Waca ta tsaya a ƙofar shago. Malam Tsoho ya fito yana yi wa yaran mota faɗa tun ba su taɓa igiya ba. Da aka kwance tabarmin da aka naɗe kantar da su, sai da masu wucewa suka tsaya kallo. Jan katako ne mai nauyi, an goge shi har yana ɗaukar ido. Kowane layi an raba shi da siraran katakai, yadda kowane gidan faifai zai samu ɗakinsa shi kaɗai. Ko kan ƙusa ɗaya ba a gani.

Halilu ya durƙusa. "Baba, sannu da hanya. Allah ya ƙara girma."

"Uhm. Ga abin nan." Tsohon bai shiga ba, daga bakin ƙofa ya tsaya yana duban rufi. "Zan je in gaida mai katakona, in yi salla can. Ka jera kayanka, bayan la'asar in zo in gani."

Yana juya baya Nassirou ya iso da kwali a bayan babur. Suka zazzage shi a ƙasa. Ga baƙaƙen gidaje dogaye na zamanin Pile biyu, ga masu garai-garai na Pile uku da suka fi su gajarta, ga shuɗɗan Pile huɗu, ga na biyar, su ma shuɗɗa amma da farin goshi. Har da wasu koraye shar na wata na'urar daban.

Halilu ya ɗauki shuɗi ya kai bakin ɗaki na farko. Ya tokare. Ya juya shi ta gefe, ya sake tokarewa. Ya gwada layin ƙasa ko ya fi tsawo, ina, Malam Tsoho ba ya yin layi biyu su bambanta. Baƙi da kore kuwa ba a ma maganarsu. Kwantar da su ma ba zai yiwu ba, siraran katakan nan sun tsare ko'ina.

"Wai da me ya yi awon?" in ji Nassirou. Ya tona gindin kwalin ya zaro wani ƙaramin gida mai kusurwa huɗu, na roba mai fashewa, ya tura. Abin ya shige sumul, ya zauna daram.

"Kai! Awon Pile ɗaya ne wannan. Ina Baba ya samo gidan Pile ɗaya a Waca?"

Halilu ya san inda ya samo. Yana ɗan lakwal, bai ko gama firamare ba, wani mai gidan wasa ya ba shi aron faifan ƙwallo, ya zo da shi gida cikin riga don kawai ya kwana yana kallon hoton. Babansa ya kama shi, ya karɓe, ya ce daga ranar kada ya sake ji. Kusan shekara ashirin ke nan. Shi duk zatonsa a masai aka jefa shi. Ashe yana nan. Ashe da shi tsohon ya zauna a ɗaki, ƙofa rufe, yana awo. Idanun Halilu suka ciko, ya juya yana gyaran wayar tele da ba abin da ya same ta.

"Tashi mu je kasuwa," in ji Halilu. "Masu kaset ba za su rasa irin waɗannan ba."

Suka bi rumfunan masu tura waƙa a waya, waɗanda a da su ne masu sayar da faifai. Wani ya zaro musu daga ƙarƙashin tebur, wani ya aika gida aka kwaso. Na wa'azi, na waƙoƙin biki, na fina-finai, duk suka haɗa. Suna cikin jerawa, suna juya rubutun ciki, Zulai matar Halilu ta shigo da kwanon abincin surukinta. Ta tsaya ta kalle su, ta kama haɓa.

"Baban Fadi, mutumin da ke auna ƙofa da ido daga tsallaken titi, shi za ku yi wa wannan?"

"To ya kike so in yi? In bari ya faskara ta?"

"Ni dai na kawo tuwo," in ji ta, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Allah ya ba da sa'a."

Sauran gidajen suka mayar kwali, Nassirou ya zauna a kai ya baza riga.

Bayan la'asar Malam Tsoho ya dawo. Wannan karon ya cire takalmi ya shigo. Ya tsaya gaban kantar, hannu a baya, ya bi ta da kallo daga sama har ƙasa. Ta cika maƙil, gwanin sha'awa. Ya miƙa yatsa ya zaro ɗaya ya juya. Hoton wani malami ne da rawani.

"Da wannan ma wasa kuke yi?"

Ya zaro wani, mawaƙiya ce da ɗan kwali ja. Ya mayar da su a hankali, sannan ya juya ga Nassirou, wanda gumi ke tsiyaya a goshinsa.

"Kai kuma tun da na shigo ba ka tashi ba. Ƙwai kake kwanci? Tashi."

Nassirou ya tashi. Tsohon ya buɗe kwalin, ya ɗauko baƙi, kore, garai-garai da shuɗi, ya jera su tsaye a kan benci. Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wani abu naɗe a tsumma. Ya warware. Gidan faifan ƙwallon nan ne, hotonsa ya koɗe, amma ko tsaga babu. Ya tsayar da shi a ƙarshen layin. Duk cikinsu shi ne ƙarami.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Yaushe suka canza?"

"Sun daɗe, Baba," in ji Halilu. "Bayan wannan aka yi baƙin, sannan mai garai-garai. Yanzu shuɗin ake yayi."

"Duk ban sani ba," in ji tsohon, kamar da kansa yake magana. Ya ɗauki shuɗin ya kai bakin wani ɗaki. Ya tokare. Ya auna abin da ya rage da yatsu, fuskarsa ta ɗaure.

"Akwai guduma a nan?"

Halilu ya sha gaban kantar, ya buɗe hannuwa. Bai taɓa tsayawa a gaban babansa haka ba.

"Baba, don Allah a bar mini ita. Ko ba a sa komai ciki ba ina son ta. Ba a taɓa ba ni abin da ya kai ta ba."

Malam Tsoho ya dube shi sosai, irin duban da yake yi wa katako kafin ya saya.

"Matsa, kai. Wa ya ce maka fasawa zan yi? Katakon da na sha wuyar samu?" Ya ƙwanƙwasa gefen kantar. "Kwance ta zan yi, in ɗaga layukan. Ƙasa na baƙi da kore, tsakiya na shuɗi. Tun da abin naku ba ya zama wuri ɗaya, zan bar sarari a sama saboda na gaba." Ya ɗauki tsohon gidan faifan, ya zare malamin nan daga ɗakin farko, ya tura shi a gurbin. "Wannan ɗakin kaɗai ba zan taɓa ba. Ga kayanka nan. Na karɓa, na mayar."

Halilu ya gyaɗa kai.

"Aikin kwanaki ne fa," in ji tsohon, ya juya wajen Zulai. "'Yata, akwai inda baƙo zai shimfiɗa tabarma a gidan naku?"

"Akwai ɗaki guda, Baba," ta amsa da sauri. Tun aurensu bai taɓa kwana gidansu ba.

Nassirou, da hankalinsa ya kwanta, bakinsa ya buɗe. "Ai Baba, da ma ba sai ka wahalar da kanka ba. Wasannin yanzu ai duk cikin na'ura ake..."

Halilu ya taka masa ƙafa da dukkan nauyinsa.

"Me yake cewa?" in ji Malam Tsoho.

"Cewa yake akwai wani kwalin a gidansa, Baba. Gobe zai kawo."

"To ya kawo da wuri, in auna kowanne." Tsohon ya tattara rigarsa ya zauna a bencin samari, daidai gaban tele. Ya ɗauki abin dannawar ya jujjuya shi, yana duban inda aka haɗa robar. "Kafin a kira magariba, Halilu, kunna mini in ga abin nan."

Zulai ta dubi mijinta, ta ga shi ma ya ji sunansa a bakin tsohon. Halilu ya durƙusa yana laluben soket.