Akwatin Bakin Gulbi Ya Koyi Lugude

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe Fiddausi ta kashe motonta mai ƙafa biyu a gindin gawo, ta nufi sandar ƙarfen da ke bakin Gulbi, dab da iyaka. Akwatin na nan inda ta ɗaure shi, farantinsa na shan rana, igiyar awonsa na cikin ruwa. Aikinsa ɗaya ne: duk minti goma ya auna tashin ruwa, ya aika saƙo meri, ofishin magajin garin Madarunfa, don a gaya wa masu lambun Safo su kwashe injinan ban ruwa kafin ambaliya ta iso. Bara injina goma sha huɗu Gulbi ya tafi da su. Ita ta tsaya gaban masu lambun ta ce bana ba za a sake ba.

Kwana tara ke nan, ko saƙo ɗaya bai je ba.

Salularta ta yi ƙara. Alhassan ne, sakataren meri.

"Madam, an ba ki zuwa la'asar. In bai yi magana ba, gobe a kwance shi."

"Zai yi magana," ta ce, ta kashe.

Wada, tsohon da aka kafa sandar a gonarsa, ya taho da hauya a kafaɗa.

"Ɗiyata, kin zo duba kurman naki? Ni na ce a ba shi jan zakara, kamar yadda muke ba Gulbi, kin ƙi."

"Baba, bari in fara jin bakinsa. In ya ƙi, sai mu nemo zakaran."

Ta buɗe akwatin, ta jona kwamfutarta. Layi biyu ta sa masa, ɗaya na Nijar, ɗaya na Nijeriya, domin a nan rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya zama: wannan ya zo, wancan ya gudu. Dabarar ita ce in saƙo ya faɗi ta nan, ya isa ta can. Ta danna gwaji. Fitilu biyu suka kama tare, koriya ta layin Nijar da ja ta layin Nijeriya. Sai duka suka mutu, akwatin ya sake tashi daga farko.

Nan take ta gane. A shagonta na Maraɗi eriya na bayan gida, kowane layi raɗa kawai yake yi a ji shi. A nan eriyoyin biyu duk suna nesa, dole kowane ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. In suka ɗaga lokaci guda, batir ba ya iya ɗaukarsu.

"Abu mai sauƙi," ta ce. Ta raba musu lokaci: na Nijar ya fara, bayan daƙiƙa talatin na Nijeriya ya biyo.

Koriyar fitila ta kama. Ta nemi rezo, ba ta samu ba, ta sake nema. Tana cikin nema daƙiƙa talatin suka cika, ja ta kama. Akwatin ya mutu.

Ta mayar da tazarar minti ɗaya. Zagayen farko ya kusa wucewa, na biyu suka sake karo. Rezon ne ba shi da alkawari: wani lokaci daƙiƙa biyar sun isa, wani lokaci minti biyu bai isa ba.

"Duba can," in ji Wada, yana nuna saiwar wani marke. "Da safe a waje take. Kuma ruwan ja ne. An yi ruwa jiya can sama inda Gulbi ke fitowa, yana tafe."

Fiddausi ta dubi salularta. Tana iya kiran Alhassan yanzu da bakinta, kuma ta ƙudura in azahar ta yi bai gyaru ba, za ta kira. Amma gobe fa? Wada ba shi da waya, ita kuma ba za ta tare a gindin gawo har kaka ba.

Ƙishi ya kai ta gidan Wada. A tsakar gida matarsa Inde da surukarta Tani suna daka gero a turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan na sauka waccan na tashi. Fiddausi ta tsaya da ƙwaryar ruwa a hannu. Zanen Tani ya saki, ta sassauta tana gyara shi da hannu ɗaya. Taɓaryar Inde ta tsaya a sama, ta jira, sannan ta sauka. Ba su yi karo ba.

"Inna, ƙirgawa kuke yi?"

"Ƙirgan mi?" Inde ba ta daina ba. "Wadda ta ƙirga ita ka fasa wa 'yar'uwa yatsa. Ba ni sauke tawa sai tata ta fito. Shi ke nan."

"In ta daɗe a ciki fa?"

"Wannan malalaciyar? Sai in ce mata ɗaga. Turmi ba wurin kwana ba ne."

"Inna, ke ce jiya kika tsaya ba da labari da taɓarya a ciki," in ji Tani.

Fiddausi ta ajiye ƙwaryar ba ta sha ba.

A bakin Gulbi ta share tazarar gaba ɗaya. Ta rubuta sabuwar doka: layin da ke aikawa shi ke da turmi, ɗayan ba zai motsa ba sai wannan ya saki. In ya wuce minti biyu yana nema, a ɗage shi, a ba ɗan'uwansa. Ta danna.

Koriya ta kama. Ta yi ta nema, kusan minti ɗaya da rabi. Ja na kashe, tana jira. Koriya ta ƙifta sau biyu ta mutu, sai ja ta kama, ta ƙifta, ta mutu. Akwatin bai ko girgiza ba.

Ba ta rufe kwamfutar ba salula ta yi ƙara.

"Madam, saƙo biyu sun shigo, ɗaya bayan ɗaya," in ji Alhassan. "Amma lambar nan gaskiya ce? Mita ɗaya da saba'in?"

Ta dubi marken. Saiwar ta nutse.

"Gaskiya ce. Jira na gaba ka gani."

Bayan minti goma ya sake kira, muryarsa ta canza. "Ɗaya da tamanin da biyu. Na kira Inusa, shugaban masu lambu. Sun ɗaura wa jakuna amalanke, suna kwasa."

"Batun kwancewa fa?"

"Wa ya yi maganar kwancewa?"

Ta kulle akwatin, ta ɗaure jakarta a moto. Wada ya leƙa fitilun suna karɓa-karɓa, ya gyaɗa kai.

"To, zakarana ya tsira."

Daga bakin danga Inde ta ɗago taɓarya. "Ke, mai akwati! Tun da kin koya masa, zo ki nuna mana naki luguden."

Fiddausi ta shiga tsakar gida ta karɓa, ta tsaya bakin turmi gaban Tani. Bugu na uku taɓaren suka yi karo, gero ya watse, kaji suka rugo.