Daƙiƙa Arba'in da Aka Yanke

Waƙar ta yi mako goma sha ɗaya a saman jadawalin waƙoƙi, ta zo ta ɗaya a ƙasashe goma sha tara. An fassara ta, an saci kiɗanta, an tallata sabulu da ita. Duk wanda ya rubuta tarihinta sai ya ambaci Dogo, mawaƙin da ya rera ta, da hularsa, da otal-otal ɗin da ya kwana. Ba a ambaton Injiniya, mutumin da ya naɗe ta a tef. Bai damu ba. Ya karanta littattafai uku a kan waƙar, kowanne ya fi na baya ƙarya.

Abin da littattafan ba su sani ba shi ne, asalin waƙar minti uku ce da daƙiƙa arba'in. Kamfani ya ce gidajen rediyo ba sa saka abin da ya haura minti uku. A wancan zamanin da reza ake gyara: ka shimfiɗa tef, ka yi alama da farin fensir, ka yanke, ka liƙe. Injiniya ya duba inda kiɗa ya lafa, 'yar amshi guda ta rera ita kaɗai, ya sa reza. 'Yar amshin matarsa ce.

Aikin ya yi kyau, har yau babu kunnen da ke jin mahaɗar. Matar ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai daga ranar ba ta sake waƙa ba, ko da tana wanke-wanke. Shi kuwa ya naɗe guntun tef ɗin, ya jefa a gwangwanin shayi, ya tura bayan littattafai. Bara ta rasu.

Da waƙar ta cika shekara talatin, aka sake fitar da ita, ta sake hawa jadawali. A makon ne 'yarsa, malamar asibiti, ta zo share masa ɗaki da hantsi, ta ci karo da gwangwanin.

"Baba, wannan fa? Shara ce?"

"Mahaifiyarki ce."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ya gaya mata labarin a taƙaice, kamar mai karanta sanarwa.

"Mama tana waƙa? Ni ko 'yar guna-guni ban taɓa ji daga bakinta ba."

"Ta fi Dogo murya. Ba wani yabo ba ne wannan, ƙarar ƙofar ɗakin nan ma ta fi shi."

"Ina so in ji."

"Uwata, tef ɗin ya tsufa. Irin wannan idan ya daɗe a ajiye yakan yi danƙo. Yana iya jure wucewa sau goma, yana iya zubewa a na farko."

"To a ajiye shi har mu ma mu zube?"

Ya tashi ya yaye mayafin da ke kan tsohuwar na'urarsa. Kwana biyu yana goge ta da auduga, ya canja bel, ya haɗa ta da kwamfutar da za ta ɗauki kwafi. A rana ta uku 'yar ta dawo daga aiki da la'asar, ko fararen kayanta ba ta cire ba. Ta zauna a bakin gado ta fito da waya.

"Kashe wannan," in ji shi. "Tana sa ƙugi a cikin sauti."

"In ɗauka nake so, Baba."

"Da wannan abin? Shekara arba'in ina wannan aiki. Za ki samu kwafi na mutunci."

Ta kashe. Ya zura tef ɗin a hankali. Sai ya yi abin da ya yi wa kowane tef tun yana saurayi, abin da maigidansa ya koya masa da ranƙwashi: ba a danna ɗauka sai an gwada ƙarfin sauti.

"Gwaji tukuna," ya ce, ya kunna.

Murya ta cika ɗakin. Injiniya ya ƙura wa allurar ma'aunin sauti ido. Ta taɓa jan layi, ya rage kaɗan. Ɓangaren hagu ya fi na dama, ya daidaita. Ya ji ƙarar fankar tsohon situdiyo a ƙasa-ƙasa, ya ce a ransa za a iya tace ta. Wutsiyar tef ɗin ta fita tana faɗa-faɗa.

"Yawwa. Yanzu sai mu ɗauka."

Ya kai hannu zai mayar da tef ɗin baya, sai ya ga gari mai ruwan ƙasa a kan ƙarfen na'urar, ya taru kamar tsatsa. Ya ɗaga tef ɗin wajen taga. Haske na ratsa shi daga farko har ƙarshe, fatar da ke riƙe da sautin ta zube. Ya sake zurawa duk da haka, ya danna ɗauka. Allurar ba ta motsa ba.

Ya daɗe a tsaye. A titi wata mota ta wuce da waƙar, mai minti uku.

Da ya juyo, 'yar na share fuska da gefen mayafinta.

"Ka ji inda ta yi dariya?" ta ce.

"Wace dariya?"

"Can ƙarshe. Ta ja muryar sama, numfashi ya ƙare mata, ta yi dariya ta ce, 'Maigida, a sake?'"

Ya nemi kujera ya zauna.

"Ban ji ba."

"Baba, kana tsaye a gaban lasifikar fa."

"Allura nake kallo."

Ya goge garin da ke yatsunsa a jikin wandonsa, sannan ya daina gogewa.

"Uwata, yaya ta fara? Rera mini."

"Ni ba murya gare ni ba, ka sani."

"Na sani. Rera."

Ta gyara zama, ta ɗauko daga inda take iya tunawa. Ta kauce wa karin tun a layi na biyu. Ya ji sarai, bai gyara mata ba.