Shuɗin Ɗigo a Laburare

Glenda Haverkamp ba kallon gine-gine ta zo yi ba, neman aibu ne ya kawo ta. Wata jami'a ce ta bai wa 'yarta Corinne gurbin karatu, ta kuma gayyaci duk waɗanda ta ɗauka su zo su yi Asabar da Lahadi, su ga wuri kafin su ce sun karɓa ko sun ƙi. An rubuta a takardar cewa zuwan iyaye ba dole ba ne. Glenda ta karanta layin sau biyu, ta ja tsaki, ta je ta cika tankin mota.

Tuƙin awa goma sha huɗu ne daga garinsu a jihar Iowa. Alhali ga wata jami'a can kusa da gida, tafiyar minti ashirin, ita ma ta ɗauki yarinyar. Can Glenda take so ta je. Tun rasuwar mijinta su biyu ne rak a gidan, kuma ko tunawa ba ta son yi cewa za ta riƙa cin abinci ita kaɗai.

Tun daga ƙofa aka raba su. Aka rataya wa ɗalibai igiya ruwan ɗorawa a wuya, iyaye kuma ja. Wata mai yi wa baƙi jagora, wadda ke tafiya da baya tana zuba surutu, ta kwashe yaran ta yi gaba. Iyaye kuwa aka kora su babban zaure, aka ba su kofi da donot, wani irin fanke mai rami a tsakiya, aka fara musu lacca a kan yadda za su sakar wa 'ya'yansu mara.

Kowa na gyaɗa kai, kowa kuma wayarsa na kan cinya, yana kallon shuɗin ɗigon da ke nuna masa inda ɗansa yake a taswira. Da aka zo tambayoyi, wani mai furfura ya miƙe ya ce wane ne zai riƙa tashin ɗansa da safe. Wata ta nemi lambar wanda za ta kira idan abokiyar ɗakin 'yarta na minshari. Glenda dai tana ta rubutu a ɗan littafinta: matakala sun yi yawa, kofi ba zafi.

Ta leƙa wayarta. Ɗigon Corinne na cikin laburare. Bayan awa guda yana nan. Aka ci abincin rana aka dawo, ko motsi bai yi ba. Sai ta ji hankalinta ya fara kwanciya. To, idan haka ne, ai nisan ba wani abu ba ne. Daga kicin ɗinta ma za ta riƙa ganin yarinyar tana karatu.

Ta taɓa maƙwabcin kujerarta, wani dogo da aka rubuta Russell a ƙirjinsa.

"Tawa fa tun safe tana laburare. Haka take, sai ka ƙwace littafi a hannunta."

"Kin ji ikon Allah!" in ji Russell. "Nawa ma yana can. Yaron da ko bayan kwalin madara ba ya karantawa. Lallai makarantar nan tana da albarka."

"Ai tawa tun tana shekara uku take karatu," in ji wata daga baya, ba wanda ya tambaye ta.

Kafin ka ce me, rabin zauren sun gano 'ya'yansu duk suna laburare. Aka bar mai lacca da allonta, aka ɗunguma a ɗauko hoton yara suna karatu, a aika wa dangi su ji haushi.

Laburare fayau, sai wani tsoho mai gadin littattafai. Bai ko ɗago kai ba, ya nuna musu ƙarƙashin teburinsa. Kwando ne, cike da wayoyi sun fi arba'in.

"Duk shekara haka suke yi," ya ce. "Ƙarfe biyar za su dawo. Don Allah a rage murya."

Biyar saura kaɗan suka shigo, suna ta shewa. Takalman Corinne duk taɓo, gashinta a jiƙe, tana riƙe da hannun wata yarinya da Glenda ba ta taɓa gani ba. Rabon da ta ga 'yarta tana dariya haka har ta manta, kuma abin ya yi mata daɗi, ya kuma yi mata ciwo.

"Ina kika je?"

"Rafi, Mama. Mun ɓata hanya ma, sau biyu!"

"Kin ɓata? Da wani abu ya same ki fa?"

"Ai mun gano hanyar da kanmu." Corinne ta zaro wayarta daga kwando, ta riƙe ta ba ta ko duba ba. "Mama, nan zan zo."

Glenda ta buɗe baki za ta fara jero aibu, sai ta ji ta ce, "Me kika gani a nan ɗin da babu a gida?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta yi magana a hankali don kada sauran iyaye su ji.

"Awa shida na yi ba wanda ya san inda nake. Ban taɓa sanin haka abin yake da daɗi ba."