Kifi a Bayan Fanka

Ni mutum ne mai riƙo. Matata ta ce ko kujera na yi tuntuɓe da ita, sai na yi mako ina harararta.

Ramin tagullar da nake aiki a wajen garin Kitwe ya yi zurfi ƙwarai, har turo mana iska daga sama ya fi komai cin lantarki. Sai Kapembwa, injiniyan iska, ya kawo dabara: a rage sabuwar iska, a tace wadda muka riga muka shaƙa, a sake juyo mana da ita. Kamfani ya sami sauƙi, mu na sashen ƙasa muka sami zufa.

Na tare shi a bakin lif ɗin da ke saukar da mu rami. "Malam Kapembwa, yanzu numfashin jiya za mu riƙa shaƙa?"

"Haba Jere, kai da ke cin tuwon nshima na jiya da gasasshen ɓera? Ɗumame ne, ka saba."

Kowa ya kwashe da dariya. Shi Babembe ne, ni Bangoni, ƙabilunmu abokan wasan juna ne, ba ni da damar yin fushi a fili. Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, mai cin biri." A zuci kuwa na ƙulla.

Ranar da manyan kamfani za su sauko duba aikinsa, na ɓoye ruɓaɓɓen kifi a bayan fankar da ke juyo iskar. Nufina su shaƙa, su tsine wa dabarar, a kunyata shi, a dawo mana da iskarmu.

Sai dai a rami, idan gobara ta tashi, wari ake saki a cikin iska, domin ƙararrawa ba ta kaiwa ko'ina. Ɗoyin yana bugun hanci wani ya kwarma ihu, "Wuta!" Aka watsar da kayan aiki, aka ruga ɗakin tsira. Da idona na ga Kapembwa yana gudu, tumbi na rawa, hular kwano a hannu. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Manya suka ɗauka gwaji ne ya shirya musu, shi kuma bai musa ba. Suka ce gargaɗi bai taɓa isa ga kowa da sauri haka ba, albarkacin iskar da ke zagayawa. Aka ƙara masa girma, aka sa wa fankar ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Kifin yana nan a ciki. Iskar kuma sashena take zuwa.