Gwiwar Aukje

A Hemmerzijl ba a ganin likita sai an bi ta kan Marrit. Ka buga waya da safe, ta ɗauka, ta tambaye ka abin da ke damun ka, ka faɗa, ta rubuta, sannan ta yanke ko ciwon naka ya kai a ba shi minti goma na Dokta Hoving, ko kuwa ka haɗiyi farasitamol ka ƙara haƙuri. Haka ake yi ko'ina a ƙasar nan, ba mai ganin aibun abin. Sai dai ba kowa ba ne matar ɗansa ke zaune a bakin wayar.

Aukje Bultema ta kira ne wata safiya cikin Fabrairu, tana tsaye a kicin, ga fasasshen kofi a gabanta. Ba shi ne na farko da ya suɓuce mata ba.

"Asibitin Dokta Hoving, Marrit ce ke magana. Af, Mama! Ke da kike cewa likita na ragwaye ne? Yau me ya sami ƙarfen gidanmu?"

"Dokta nake son gani."

"To, me ke damun ki?"

"Sai na faɗa miki?"

"Ko fasto ne ya kira sai ya faɗa. Jiya ma ya faɗa, kuma ba a bakina za ki ji ba."

Aukje ta dubi hannunta na dama. Yatsun suna ta motsi su kaɗai, kamar suna laluben wani abu a aljihu, ba ita ta sa su ba.

"Gwiwa ce," in ji ta.

"Na ce ki rage hawan keken nan cikin iska, ba kya ji. Ki zo Alhamis."

Gwiwar nan lafiyarta ƙalau. Abin da ke damun Aukje tsohon abu ne, ta san shi tun tana 'yar shekara sha shida. Mahaifinta shi ne wanda dattawan ƙauye har gobe suke kira Eppo Mai Rawa. Da yatsu ya fara, sai kafaɗa, sai tafiya ta koma tangaɗi, sai faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mutane suka ce giya ce, mutumin da ko ranar aurensa bai kurɓa ba. A gidan jinya ya ƙare, ɗaure a kujera don kada ya faɗo. Wani likita a birni ya gaya wa uwar Aukje sunan abin: Huntington, ciwon gado, ba shi da magani, kuma duk ɗan da mai shi ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. A cikin bas suna dawowa uwar ta damƙe mata hannu ta ce, "Gara su ce mashayi ne. 'Yar mashayi tana samun miji."

Aukje ta sami miji kuwa, ta haifi Jelte, ta binne mijin bai taɓa jin sunan ciwon ba. Da ta haura hamsin garau, sai ta ɗauka ta tsira.

Jelte kaɗai gare ta. Shi da Marrit sun sayi wani tsohon gidan gona suna gyarawa da hannunsu, kuma sun sha faɗa a gaban kowa cewa ba maganar haihuwa sai an gama rufin. Mu nan hatta haihuwa sai an sa ta a kalanda. Aukje ta riƙe maganar rufin nan hannu biyu-biyu, tana ganin akwai sauran lokaci. Abin da take so bai da yawa: a duba ta sosai ta san gaskiya. In ba komai, ba ta tayar wa kowa da hankali ba. In kuwa shi ne, ta zaunar da ɗanta ta gaya masa da bakinta kafin su yi ciki. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne Marrit ta kunna kwamfuta da safe, tsakanin sakamakon fitsarin wane da maganin tarin wance, ta ci karo da abin da ke jiran mijinta. Duk abin da likita ya rubuta, duk abin da babban asibiti ya aiko, Aukje ta san a injin nan yake sauka.

Ranar Alhamis Dokta Hoving ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ya danna nan ya danna can. Mutumin kirki ne, sai dai ido ɗaya na kan mara lafiya, ɗaya na kan agogo, yatsu kuma na kan madannan kwamfuta.

"Gwiwar nan ta fi tawa lafiya, Madam Bultema. Ki sha farasitamol, in bai daina ba ki dawo."

Har ta kama hannun ƙofa, sai ta juyo. "Dokta, akwai kuma wani abu."

"Wani daban?" Ya dubi agogo, ya yi murmushin ban haƙuri. "Kin san tsarinmu, zuwa ɗaya, ciwo ɗaya. Mutum uku na jira a waje. Ki gaya wa Marrit ta ba ki zama biyu a haɗe, sai mu yi magana a tsanake. Ki dai faɗa mata na mene ne."

Ta fito. Marrit ta ɗago daga bayan gilashi ta ɗaga mata gira.

"Za a yanke ƙafar?"

"An bar min ita."

Daga nan Aukje ta shiga yawon neman wani likita. Ta hau keke zuwa asibitin garin gaba, matar da ke tebur ta ce sun cika maƙil, ba sa ɗaukar sababbi. Ta je na gaba da shi, aka ce gidanta ya yi nisa, in ta faɗi ba za su iso da wuri ba. A wuri na uku aka ce akwai gurbi, har ta ja ajiyar zuciya, sai yarinyar ta ƙara da cewa, "Za mu nemi fayil ɗinki daga tsohon likitanki. Mataimakiyarsa za mu kira ta turo." Aukje ta ce za ta yi shawara. Ta buga babban asibitin birni ta nemi likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ta ce ko da kuɗinta ne. Aka ce mata cikin ladabi ba a zuwa haka kai tsaye, sai likitanta ya turo ta. Duk hanyar da ta bi, a teburin Marrit take ɓullowa.

Damuwa ce ta ci ta a watannin nan, ba wani abu ba. Ta daina zuwa waƙar coci don kafaɗarta na zabura a tsakiyar waƙa. Ta koyi zama a kan hannunta in ta je gidan mutane. Ran nan a kasuwar Asabar ta balbale mai cuku da faɗa don ya yanka mata fiye da yadda ta ce, har kowa ya tsaya kallo, ita da ba a taɓa jin muryarta ta ɗaga ba. Cikin Yuli keke ya kwashe ta ya zuba a magudanar ruwan gefen hanya da rana tsaka, ba mota, ba iska. Maƙwabciyarta Geeske ce ta tsamo ta, tana kakkaɓe mata riga tana shinshinar bakinta a fakaice.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama ƙauye: 'yar Eppo ta ɗauko halin ubanta. Mutanenmu ba za su tambaye ka a ido ba, wannan rashin ɗa'a ne, amma tagoginsu ba labule kuma ba abin da ke wuce su. Aukje ta ji, ta bar su a haka. Har wani sanyi ta ji a ranta da suka ce giya ce, sannan ta tuna uwarta ma haka ta zaɓa, sai kunya ta rufe ta.

Jelte ya zo ran Lahadi, ya buɗe firij kamar mai neman madara, ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

"Kwalabe kake nema?"

"Haba, Mama."

"Duba bayan injin wanki, nan mashaya ke ɓoyewa."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ki je ki ga Dokta mana. Marrit ta ce tun zancen gwiwa ba ki koma ba."

"Ka gani? Har lissafin zuwana take."

"Ba haka ba ne."

"Yaya rufi?"

"Kai, rufin nan! Mai aikin ya ce sai baɗi."

Ta sake samun abin riƙewa.

Sai cikin Satumba, ranar da ta tsinci kanta a tsakiyar kicin ta rasa yadda ake haɗa injin gahawar da ta yi shekaru tana amfani da shi, ta ɗauki waya. Ta ce gwiwar ce ta dawo. Da ta shiga ofishin ba ta zauna ba.

"Dokta, ɗauke hannunka daga kan abin nan."

Ya ɗauke. Ta ɗora hannayenta biyu a kan teburinsa ta bar su suka yi abin da suka ga dama. Ta faɗi sunan mahaifinta, ta faɗi sunan ciwon, karo na farko a rayuwarta da ya fita daga bakinta. Dokta Hoving bai dubi agogo ba. Ya sa ta yi tafiya, ya sa ta bi yatsansa da ido, ya ce ta fito da harshe ta riƙe, harshen ya ƙi tsayawa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin gwiwa."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta nuna ƙofa da haɓa. "In ka rubuta, za ta gani."

Dokta ya ce, "Madam Bultema, Marrit ba ta iya buɗe fayil ɗinki. A rufe yake gare ta tun makon da ta auri ɗanki. Ita ta zo ta roƙe ni, ta ce ba ta son sanin abin da surukarta ba ta gaya mata ba. Duk abin da ya zo da sunanki, wurina yake zuwa kai tsaye. Ko a waya, da kin ce mata maganar sirri ce, da ba ta ƙara tambaya ba."

"Ba wanda ya gaya min."

"Ba ki tambaya ba."

Wa za ta tambaya? Tambayar ita kanta tona asiri ce. Aukje ta zauna a kujerar da ta ƙi zama tun farko.

Ya rubuta mata takardar zuwa birni nan take. Ya ce in gwajin ya tabbata, kada ta ja lokaci da Jelte, don yanzu likitoci na iya tantance ƙwan haihuwa kafin a dasa shi, a zaɓi wanda bai ɗauki ciwon ba. "Amma kafin ciki ya shiga ake yin wannan," in ji shi. Ta ce ai rufi sai baɗi. Bai gane ba, ita ma ba ta yi masa bayani ba.

A birni ma layi ne. Aka gan ta, aka ɗebi jini, aka zaunar da ita aka yi ta tambayar ko ta tabbata tana son sani. A farkon Disamba wata likita mai sanyin murya ta gaya mata abin da hannunta ya riga ya gaya mata.

Asabar ɗin makon ce ranar haihuwar Jelte. Aukje ta ƙudura in baƙi sun watse za ta ce su zauna su uku. An jera kujeru a da'ira a falon da rabinsa leda ce ke tare ruwan sama, kowa ya shigo sai ya zagaya yana ba kowa hannu. "Barka da ɗanki, Aukje." "Barka da mijinki, Marrit." Geeske ta riƙe hannun Aukje ta ɗan daɗe, tana duban idonta. Aka kawo gahawa da kek, yanka ɗai-ɗai. Aukje tana kallon hannun Jelte a kan wuƙa. Bai rawa ko kaɗan. Na mahaifinta ma bai rawa lokacin da yake shekarun Jelte.

Sai Jelte ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, yau ni ne mai ba da kyauta. Mama, taki ce."

Marrit ta taso tana dariya, ta sa mata wani ɗan ƙunshi a cinya. Aukje ta sha fama da igiyar kafin ta kwance. Safa ce, 'yar mitsitsiya, ruwan ƙwai, ba ta fi tsawon yatsa ba.

"Mun gaji da jiran rufi," in ji Jelte. "Yaro ya zo ya taya mu riƙe bokiti."

Ɗaki ya kaure da shewa. Aukje ta ji muryarta tana tambaya, "Wata nawa?"

"Huɗu," Marrit ta ce. "Mun so mu tabbata tukuna. Kin ga ni ma na iya riƙe sirri."

Wata huɗu. Agusta ke nan. A Fabrairu ta tsaya da hannunta a ƙofar Dokta, ta fita ba ta faɗa ba, lokacin akwai sauran dama.

"Kaka, ki ce wani abu mana!" wani ya faɗa.

Ta ɗaga safar don ta nuna wa mutane, sai hannun ya fizge, safar ta faɗa cikin gahawarta. Aka yi dariya, Geeske ta sunkuyar da kai. Marrit ta durƙusa da sauri ta tsamo ta, ta kama hannun surukarta don ta goge mata. Yatsun suka ci gaba da motsi a cikin tafinta. Ta dube su. Ta ɗago ta dubi kafaɗar, ta dubi fuskar, a hankali, irin duban da take yi wa mutane ta bayan gilashi kullum. Dariyar ta bar fuskarta. Ɗayan hannun nata ya tafi kan cikinta.

"Mama," ta ce ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji sai su biyu. "Ba gwiwa ba ce, ko?"