Gizo-gizon Tagar Baba

Har yau idan na tuna, zuciyata tafasa take. Yayata ta zo duba mahaifinmu, kafin ta ajiye jaka ta lalata abin da na daɗe ina lallaɓawa.

Baba tela ne. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, ni autarsa nake jinya. Wanka, juyi, canjin zanen gado, duk ban taɓa ƙorafi ba. Abincin ne tashin hankali. Sai ya datse haƙora, in yi roƙo, in yi kuka, in yi faɗa, ko gezau. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito.

Ana haka wata gizo-gizo ta kafa saƙarta a kusurwar tagar da ke gefen gadonsa. Na ɗauko tsintsiya, sai na ji Baba ya yi gurnani, ya kafe ni da ido. Na ajiye.

Daga nan muka zama 'yan kallo. Da sassafe take cinye tsohuwar saƙar, ta ja sabbin zare daga tsakiya zuwa gefe, sannan ta bi su tana kewayawa. Idan iska ta yaga wani wuri, sai ta dawo ta ɗinke. A lokacin yatsun Baba na hannun mai lafiya suke motsi a kan bargo, babban yatsa da manuni, kamar yana riƙe da allura. Ranar da ƙuda ya faɗa ta naɗe shi, na gwada kai cokali bakin Baba, ya buɗe bai ma sani ba. Shi ke nan na samu dabara. Ta ci, ya ci. Ni da nake korar ƙuda, na koma buɗe masa taga.

Har namiji ya zo mata, ɗan mitsitsi, yana taɓa zare daga nesa yana ja da baya don kada ta yi kalaci da shi. Na ce wa Baba surukinmu matsoraci ne. Wallahi ya yi dariya, da rabin baki. Bayan nan ta ɗaure ƙwanta cikin farin ƙunshi, ta zauna gadi.

Sai ga Yaya, da turarenta da takalminta mai tsini. Ita ce babba, ita ke aiko kuɗin magani, don haka a ganinta ta fi kowa sanin jinya daga nesa. Na gaya mata tun a bakin ƙofa kada a taɓa tagar. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa mahaukaci. Na fita karɓo magani.

Da na dawo, ɗakin warin maganin ƙwari yake. Taga fes. Baba ya juya fuska bango, ban san yadda ya iya shi kaɗai ba. Yaya kuwa ta tare ni da faɗa, wai na mai da ɗakin ubanmu kango, wai da baƙi sun shigo da mun sha kunya, wai ai ya yi ta gurnani tana shara, alamar ƙazantar ta dame shi.

Na ce, "Yaya, roƙonki yake yi."

Ta taɓe baki. Na ɗauko kwanon abincinsa, na danƙa mata cokali, na ce bismilla, ta ciyar da shi tunda ta iya. Ta yi lallashi, ta kira shi da sunayen da take kiransa tana ƙarama. Haƙora a datse. Da yamma haka, washegari haka.

Nan jikinta ya yi sanyi. Na same ta durƙushe a ɗakin ajiya, da tsadadden kayanta, tana bin bayan kwalaye da kofi. Ta kamo wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, ta sake shi a taga tana murmushi. Haushi ya hana ni tausayinta. Wannan ba ya saƙa, mafarauci ne, a ƙasa yake bin abincinsa. Ya zura da gudu ya shige ƙarƙashin gado. Baba ya bi shi da ido, sannan ya rufe idon.

Na tona shara ina neman farin ƙunshin nan. Na same shi a bakin tsintsiya, a murƙushe, jiƙe da magani.

Yaya ta koma, aiki na jiranta. Likita ya zo ya zura wa Baba roba ta hanci, ta nan nake ɗura masa madara yanzu. Yatsun nan ba su ƙara motsi ba.

Jiya ta bugo waya, muryarta ƙasa-ƙasa, tana tambaya ko ya buɗe baki.

Na ce, "A'a. Amma tagar tana nan fes, yadda kika bar ta."